Shekara Takwas a Springfield: Nazarin Zaman Barack Obama a Majalisar Dattawan Jihar Illinois

A farkon watan Janairun 1996, wasu mutane suka shiga ofishin hukumar zaɓe ta birnin Shikago, suka zauna da tulin takardu a gabansu. Aikinsu shi ne su ɗauki takardun da 'yan takara suka tara sa hannun masu zaɓe a kai, su bi suna bayan suna suna gwadawa da rajista. Wannan ya yi rajista kuwa? Gidansa a cikin mazaɓar yake? Sa hannu ya yi, ko sunansa kawai ya rubuta da manyan baƙaƙe? Wanda ya zaga ya tara sunayen, shi kansa doka ta yarda ya tara? Duk sunan da ya yi tuntuɓe a ɗaya daga cikin tambayoyin nan sai a soke shi. Doka ta ce sai ɗan takara ya kawo ingantaccen sa hannu 757 kafin a sa sunansa a takardar zaɓen fid da gwani. Sanata mai ci, Alice Palmer, ta kawo 1,580, wato ninki biyu har da ɗoriya. Da aka gama tankaɗe da rairaya, abin da ya rage bai kai ba, dole ta janye. Sauran mutum uku da ke neman kujerar su ma ta nan aka ɓullo musu. Wanda ya turo masu tankaɗen, wani lauya ɗan shekara 34 mai suna Barack Obama, ya wayi gari shi kaɗai ne ɗan takarar jam'iyyar Democrat a mazaɓa ta 13, mazaɓar da in ka riƙe tikitin Democrat to zaɓe ya ƙare.

Kujerar da ake wannan kokawa a kanta tana buƙatar ɗan bayani, domin a Nijeriya in an ce sanata Abuja ake nufi, jihohi kuwa majalisar dokoki guda ɗaya kowacce take da ita. A Amurka ba haka ba ne. In ka cire Nebraska, kowace jiha majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, kamar dai tarayya. A Illinois 'yan majalisar wakilai 118 ne, sanatoci 59, kowane sanata yana wakiltar mutum 200,000 da 'yan kai. Suna zama a Springfield, wani matsakaicin gari a tsakiyar gonakin masara, tafiyar awa uku da wani abu a mota daga Shikago. Zaman yakan fara a Janairu ya ƙare a ƙarshen Mayu, sai kuma 'yan kwanaki a kaka don duba ƙudurorin da gwamna ya ƙi sa wa hannu. Ba aikin cikakken lokaci ba ne, shi ya sa Obama ya ci gaba da koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Shikago duk tsawon zamansa. Ba kujerar jiniya da ayarin motoci ba ce. Amma haraji na jiha, kurkuku, 'yan sanda, hukuncin kisa, kuɗin makarantu da inshorar lafiyar talaka, duk a nan ake yanka su a raba.

Asalin rigimar da Palmer kuwa, ita ce ta fara barin kujerar. A 1995 aka samu ɗan majalisar wakilai ta tarayya Mel Reynolds da laifi, kujerarsa ta zama babu kowa, Palmer kuwa dama ta riga ta ce za ta nema. A watan Satumba ta tsaya gaban jama'a a unguwar Hyde Park ta gabatar da Obama a matsayin wanda zai gaje ta. A watan Nuwamba Jesse Jackson ƙarami ya kayar da ita a zaɓen fid da gwani. Sai ta waiwayo tana son kujerarta. Dattawan siyasar baƙar fata na kudancin Shikago suka sami Obama suka ce ya haƙura, yaro ne, lokacinsa na zuwa. Ya ce a'a, an yi magana tun farko, ya riga ya tara kuɗi da mutane. Palmer ta tara sa hannunta cikin gaggawa a 'yan kwanaki, kuma gaggawar ce ta kashe ta.

Bai karya doka ba, kuma a Shikago soke sa hannun abokin takara tsohuwar sana'a ce. Sai dai mutumin da ya yi hakan shi ne wanda a 1992 ya jagoranci gangamin da ya yi wa mutum kusan 150,000 rajistar zaɓe, mafi yawansu baƙar fata, da hujjar a buɗe wa talaka ƙofar zaɓe. Bayan shekara huɗu ya yi amfani da ƙa'idar zaɓen ya hana mutanen mazaɓarsa zaɓi. Na fara da wannan ne don hoton da aka saba nunawa na malamin jami'a mai taushin murya ya ɓoye wani abu: tun ranar farko mutumin ya san inda ake murɗa hannu.

Shekara shida a inuwa

An rantsar da shi a Janairun 1997, ya tarar da majalisa a hannun jam'iyyar Republican. Shugabanta James Philip, wanda aka fi sani da Pate, tsohon sojan rundunar Marine ne daga gundumar DuPage ta masu hali, kuma bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga buƙatun Shikago ba. A tsarin majalisar, kowane ƙuduri sai ya bi ta kwamitin ƙa'idoji kafin a tura shi kwamitin da zai saurare shi, kwamitin ƙa'idojin kuma a aljihun shugaba yake. Ƙudurin ɗan adawa yakan shiga can ya kwanta har zango ya ƙare, ba a ƙi shi ba, ba a karɓe shi ba, ba a ma karanta shi ba. Obama ya yi ta gabatar da gyaran tsarin mulkin jiha da zai mayar da kula da lafiya haƙƙin kowa, abin bai taɓa zuwa ko'ina ba.

A cikin gidansu na Democrat ma bai sami tarba ba. Sanatoci biyu baƙar fata daga Shikago, Rickey Hendon da Donne Trotter, sun sa shi gaba da zolaya da gori. A wurinsu ɗan Harvard ne da aka haifa a Hawai, wanda bai sha ƙurar unguwa ba, ya zo yana yi wa mutane lacca, ga kuma abin da ya yi wa Palmer. Jawabansa na farko ma ba su taimake shi ba: dogaye, cike da lauje-laujen shari'a, a zauren da mutane ke son a yi a gama.

Abokan da ya samu sai suka fito daga inda ba a zata ba. Akwai wani daren karta da ake yi a gidan Sanata Terry Link a Springfield, inda sanatocin Democrat farar fata daga ƙananan garuruwa irin su Denny Jacobs da Larry Walsh suke haɗuwa da 'yan Republican da masu kamun ƙafa na kamfanoni. Obama ya zama ɗan gida a wurin. Waɗanda suka yi wasa da shi sun ce ɗan karta ne mai taka-tsantsan, ba ya zuba kuɗi sai hannunsa ya yi kyau, in bai yi ba ya ajiye. Ya kuma koyi wasan golf, domin a filinsa ake ƙulla rabin abin da ake kwancewa a zaure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a majalisar da ke da mutum 59 kacal. Wanda kuka raba dare da shi a kan tebur, da safe zai saurare ka minti biyar ko da ba zai ba ka ƙuri'a ba.

Babban abin da ya samu a wannan zango ya zo ne ta hannun shugaban marasa rinjaye, Emil Jones. Jones tsohon mai duba magudanan ruwa ne na birnin Shikago, ya taso a cikin injin siyasar birnin tun daga ƙasa, irin mutumin da ya san kowa da abin da kowa ke so. A 1998 tsohon sanatan tarayya Paul Simon ya haɗa wani ƙaramin kwamiti na jam'iyyu biyu don gyara dokar kuɗin siyasa, wadda aka shekara kusan 25 ba a taɓa ta ba. Jones ya tura Obama. Wasu sun ce karramawa ce, wasu sun ce rigar ƙaya ce aka sa wa sabon shiga, tunda ba mai son ya je ya gaya wa abokan aikinsa cewa za a rage musu ci. A lokacin, doka ba ta hana ɗan majalisar Illinois ya ɗebi kuɗin kamfe ya sayi mota ko ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta ba. Obama da Sanata Kirk Dillard na Republican suka tura dokar da ta hana karɓar mafi yawan kyaututtuka daga masu kamun ƙafa, ta hana kashe kuɗin kamfe a buƙatun kai, ta taƙaita taron tara kuɗi a Springfield lokacin da majalisa ke zama, ta kuma tilasta a riƙa shigar da bayanan gudummawa ta kwamfuta yadda ɗan jarida zai iya bincika.

Amma a duba farashin da aka biya. Kuɗin da 'yan majalisa suka riga suka tara kafin dokar ta fara aiki an bar musu, su ci abinsu. Kuma dokar ba ta sa iyaka ga yawan gudummawar da mutum ko kamfani zai iya bayarwa ba, wanda shi ne babban ramin. Tsofaffin kuraye ba su yarda an taɓa abin da ke bakinsu ba, sun dai yarda a rage wa na baya. Wannan salon, a ba da rabi don a sami rabi, shi ne zai bi Obama har Fadar White House, kuma har yau shi ne abin da masoyansa ke yabo, masu sukarsa daga ɓangaren hagu ke zargi.

Ya kuma sa hannu a tsara yadda jihar za ta aiwatar da sabuwar dokar tallafin marasa galihu ta tarayya ta 1996, da kuma rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi da aka kafa a 2000, wanda ya fara da kashi 5 cikin 100 na irinsa na tarayya. Ayyuka ne masu amfani, amma sunan wasu ne a gaba.

Faɗuwar 2000

Gajiya da zaman adawa ta sa ya yi kuskuren da ya fi kowanne girma a siyasarsa. Ya ce zai ƙwace kujerar majalisar wakilai ta tarayya daga hannun Bobby Rush, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata ta Black Panther a Illinois. Lissafinsa shi ne Rush ya yi rauni, tunda magajin gari Richard Daley ya lallasa shi a zaɓen birni a farkon 1999. Lissafin bai fita ba. A watan Oktoba aka harbe ɗan Rush har lahira, tausayin jama'a ya koma kansa. A ƙarshen Disamba kuma Gwamna George Ryan ya kira zaman gaggawa don a dawo da wata dokar taƙaita bindigogi da kotun ƙolin jiha ta soke. Obama yana Hawai wurin kakarsa, 'yarsa Malia mai wata 18 ta kamu da rashin lafiya, bai dawo ba. Ƙudurin ya faɗi, jaridu suka yi masa ca, ga shi yana takara da mutumin da bindiga ta kashe wa ɗa wata biyu da suka wuce. Shugaba Bill Clinton ma ya yi wa Rush talla a rediyo. A watan Maris na 2000 Rush ya sami kusan kashi 61 cikin 100, Obama kusan 30.

Ya koma Springfield da bashi a wuya. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya je babban taron jam'iyya a Los Angeles a wannan bazarar, katin bankinsa ya ƙi aiki a wurin hayar mota, bai kuma sami takardar shiga zauren taron ba. Abokan aikinsa sun ce bayan wannan kayen ya rage lacca, ya ƙara saurare.

Hular da ta juya majalisa

Abin da ya sauya rayuwarsa ta siyasa ba jawabi ba ne, ƙuri'ar caca ce. Tsarin mulkin Illinois na 1970 ya ce bayan kowace ƙidaya, in aka kasa daidaitawa kan sabuwar taswirar mazaɓu, a kafa kwamitin mutum takwas, huɗu-huɗu. In su ma suka cije, kotun ƙoli ta ba da suna biyu, ɗaya daga kowace jam'iyya, sakataren jiha ya zaro ɗaya da ka, shi ne zai raba gardama. Waɗanda suka rubuta wannan sun zaci tsoron caca zai sa a sasanta. Ina! Kowane ɓangare ya gwammace ya gwada sa'arsa. A 1991 sa'a ta faɗa wa Republican, abin da ya ba Pate Philip shekara goma yana riƙe da gudumar shugabancin majalisa. A Satumban 2001 sakataren jiha Jesse White ya zura hannu cikin wata doguwar hula irin ta Abraham Lincoln ya zaro sunan Michael Bilandic na Democrat.

Da alƙalamin shata iyaka a hannunsu, 'yan Democrat suka zana taswirar da ta ba su kujeru 32 a zaɓen 2002. Obama da kansa ya zauna da mai zanen jam'iyya aka gyara masa mazaɓa: aka bar masa Hyde Park, aka miƙa ta arewa ta bi bakin tafkin Michigan ta haɗiye tsakiyar birni da unguwar attajirai ta Gold Coast. Duk da haka baƙar fata ne suka fi yawa a cikinta, amma a wannan karon akwai masu kuɗin da za su iya ɗaukar nauyin takarar jiha baki ɗaya. A Janairun 2003 Emil Jones ya zama shugaban majalisa, Rod Blagojevich ya zama gwamnan Democrat na farko cikin shekara 26.

Jones ya sha ba da labarin yadda Obama ya same shi ya ce masa yanzu yana da ƙarfin da zai iya yin sanatan tarayya. Jones ya tambaye shi ko yana da wani a rai, ya ce shi. Daga nan Jones ya ba shi shugabancin kwamitin lafiya da walwalar jama'a, ya kuma riƙa ɗauko ƙudurori masu farin jini yana damƙa masa, har da waɗanda wasu suka shekara suna wahala a kansu. Ƙudurin hana 'yan sanda tare direbobi saboda launin fata, Hendon ne ya daɗe yana ɗauke da shi a zamanin da ba a sauraren kowa. Da lokacin girbi ya zo sai aka ba Obama. Hendon bai ɓoye haushinsa ba, kuma yana da gaskiyarsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dama tun 2002 sun kusa ba hammata iska a zaure, bayan Obama ya kaɗa ƙuri'ar da ta goyi bayan rufe wani ofishin kula da yara a mazaɓar Hendon, ya ce kuskuren danna maɓalli ne.

Saboda haka duk wanda ya ce maka Obama ya ɗauki nauyin ƙudurori fiye da 800, ka tambaye shi nawa ne nasa shi kaɗai, nawa ne ya sa suna a bayan wasu, nawa suka zama doka, kuma a wace shekara. Mafi yawan dokokin da ake ambata da sunansa a 2003 da 2004 aka yi su. A cikinsu akwai faɗaɗa inshorar lafiyar yara ta KidCare ga ƙarin yara kimanin 20,000, da mayar da rangwamen harajin nan na dindindin, da haramta sayar da maganin ƙarin kuzari na ephedra bayan mutuwar wani ɗalibi ɗan shekara 16, inda Illinois ta riga kowace jiha. Mutumin bai sauya tsakanin 2002 da 2003 ba. Guduma ce ta sauya hannu.

Kyamara a ɗakin tuhuma

To amma akwai doka ɗaya da ubangida kaɗai ba zai iya ba shi ba, kuma a kanta ya kamata a auna shi.

Tsakanin 1972 da 1991, wani jami'in 'yan sandan Shikago mai suna Jon Burge da yaransa sun azabtar da mutum fiye da 100, kusan dukkansu baƙar fata, don su amsa laifi. Ana jona musu lantarki, ana rufe musu fuska da ledar murfin tafireta har numfashi ya ɗauke. Da safe sai a kawo takarda mai sa hannu a gaban alƙali: ya amsa da bakinsa. Wanda ake tuhuma ya ce an doke shi, ɗan sanda ya ce ƙarya ne, ba shaida sai bango huɗu. An kori Burge a 1993, amma waɗanda ya tura kurkuku suna ciki. A 1998 saura kwana biyu a kashe wani fursuna, Anthony Porter, aka dakatar, daga baya binciken ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Northwestern ya kai ga sakinsa. Zuwa Janairun 2000, Illinois ta kashe mutum 12 tun dawo da hukuncin kisa a 1977, ta kuma saki 13 da aka yanke wa kisa bisa kuskure. Gwamna Ryan, ɗan Republican mai goyon bayan hukuncin, ya dakatar da aiwatar da shi. Kwamitin da ya kafa ya kawo shawarwari 85 a 2002, ciki har da ɗaukar tuhuma a bidiyo. Kafin ya sauka a Janairun 2003 ya yafe wa mutum huɗu da suka ce an azabtar da su, ya sassauta wa 167.

Shawarar bidiyo ta sha zuwa majalisa tana mutuwa. 'Yan sanda ba sa so, masu gabatar da ƙara ba sa so, 'yan majalisa na tsoron a ce suna tausaya wa masu kisa, sabon gwamna Blagojevich ma ya ce ba ya goyon baya. Rinjayen jam'iyya ba zai wadatar ba, domin 'yan Democrat da yawa ba za su yi faɗa da ƙungiyar 'yan sanda ba.

Obama bai tafi gidan talabijin ya kira su azzalumai ba. Ya tara su a ɗaki, zama bayan zama, ya ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Suka ce ƙananan ofisoshi a karkara ba su da kuɗin kayan aiki: aka yarda da naɗar murya inda ba bidiyo, aka ba da shekara biyu kafin dokar ta fara aiki. Suka ce ba za a iya ɗaukar kowace tuhuma ba: aka taƙaita ta ga shari'ar kisan kai. Suka ce in na'ura ta lalace fa, ko wanda ake tuhuma ya ce ba zai yi magana a gaban kyamara ba, sai mai kisa ya tafi salin alin? Aka rubuta togaciya a kan waɗannan. Abin da ya ƙi saki shi ne ƙashin bayan dokar: a ɗauki tuhumar tun daga farkonta, ba ƙarshenta kaɗai ba inda mutum ya riga ya karaya yana karanto abin da aka biya masa. Kuma duk furucin da ba a naɗa ba, kotu ta ɗauke shi a matsayin wanda ba za a karɓa ba sai mai gabatar da ƙara ya kawo hujja. Ya kuma juya musu maganar ta inda za ta shige su: faifan da zai kare wanda ake tuhuma daga duka, shi ne zai kare ɗan sanda daga ƙazafi, kuma masu taya alƙali yanke hukunci sun fi yarda da abin da suka gani da idonsu.

Ƙudurin ya wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 58, ba ko ɗaya da ta ƙi. Blagojevich ya sa hannu a Yulin 2003. Alaska da Minnesota suna da irin wannan ƙa'ida ta hanyar hukuncin kotunansu, amma Illinois ce jiha ta farko da majalisa ta yi ta a matsayin doka. A 2013 aka faɗaɗa ta zuwa wasu manyan laifuka. Mai karatu a Nijeriya zai gane nauyin kalma ɗaya a irin wannan doka, domin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ita ma ta ambaci ɗaukar furucin wanda ake tuhuma a bidiyo, sai dai da lafazin "ana iya", kuma lauyoyi sun shekara suna jayayya a kotuna kan ko wajibi ne ko zaɓi.

Dokar tare direbobi ma ta wannan hanya ta bi. Ba ta hukunta kowa ba, ta dai tilasta wa ɗan sanda ya rubuta launin fatar duk wanda ya tsayar, da dalili, da ko ya caje motar, a tura alƙaluman ma'aikatar sufuri ta jiha. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna ana neman caje motocin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da na farar fata, alhali an fi samun kayan laifi a motocin farar fatan da aka caje. Tattara alƙaluma bai hana halin ba, ya dai hana musu.

Maɓalli mai ruwan ɗorawa

A gaban kowane sanata a Springfield akwai maɓalli uku: kore na amincewa, ja na ƙi, da mai ruwan ɗorawa wanda ke nufin "ina nan". Tunda ƙuduri sai ya sami ƙuri'a 30 na amincewa kafin ya wuce, "ina nan" da ƙi aikinsu ɗaya, bambancin kawai ba za a buga a takardar kamfe cewa ka ƙi ba. Obama ya danna wannan maɓalli sau 129 cikin dubban ƙuri'u, kuma Hillary Clinton ta yi masa bulala da shi a 2008, lokacin da suke neman tikitin takarar shugaban ƙasa. Wasu daga ciki umarnin jam'iyya ne, an danna a ƙungiyance don nuna fushi kan kasafi. Wasu, kan ƙudurorin zubar da ciki, dabara ce da aka tsara da ƙungiyar Planned Parenthood ta jihar, mai kare 'yancin zubar da ciki, don a ba sanatocin mazaɓu masu tsauri mafaka. Wasu ya ce yana ganin ƙudurin ya saɓa wa tsarin mulki. Amma akwai 'yan lokutan da shi kaɗai ko shi da mutum ƙalilan suka danna, a kan batutuwa masu zafi na laifi da hukunci, kuma a nan bayanin da ya fi sauƙi shi ne na ɗan kartan nan da ba ya son zuba kuɗi a hannun da bai tabbata ba. A wasu wuraren ya tsaya a fili: ya ƙi ƙudurin faɗaɗa hukuncin kisa ga laifukan 'yan daba a 2001, ya kuma ƙi ƙudurorin jariran da aka haifa da rai bayan yunƙurin zubar da ciki, abin da masu adawa da zubar da ciki ba su taɓa yafe masa ba.

Ƙudurinsa na kula da lafiya ga kowa a 2004 ya nuna iyakar salon sasanci. Ya shiga majalisa yana wajabta wa jiha ta samar da tsari, kamfanonin inshora suka yi ta sassaƙarsa, ya fito a matsayin kwamitin nazari. Sai kuma Tony Rezko, ɗan kasuwar gidaje da ke cikin waɗanda suka fara ba shi gudummawa tun 1995, wanda aka samu da laifin zamba a 2008. Ba a tuhumi Obama da komai ba, amma ya amsa cewa cinikin fili da ya yi da shi bayan ya bar Springfield wauta ce.

A Oktoban 2002, yana sanatan jiha wanda ba ruwansa da harkar waje, ya yi jawabin adawa da yaƙin Iraƙi a wani dandali a Shikago. A Maris na 2004 ya ci zaɓen fid da gwani na sanatan tarayya da kusan kashi 53 cikin 100, yana nuna dokokin da Jones ya ɗora masa da wadda ya ƙera da hannunsa, har wakilan 'yan sanda daga baya suka yaba yadda ya yi aiki da su. A Nuwamba ya doke Alan Keyes na Republican da kashi 70, ya ajiye kujerar mazaɓa ta 13. Wanda ya gaje shi, Kwame Raoul, shi ne ya jagoranci ƙudurin soke hukuncin kisa gaba ɗaya a majalisar dattawa a 2011, matakin da Obama bai taɓa nema ba. Ryan da Blagojevich, gwamnoni biyun da suka sa hannu a yawancin dokokinsa, duka sun yi zaman kurkuku kan cin hanci, na biyun har da laifin neman sayar da kujerar da Obama ya bari a Washington. Palmer ta mara wa Hillary baya a 2008. Kirk Dillard kuwa ya fito a tallan kamfen Obama a 2007 yana yabon aikin da suka yi tare. A 2010 ya nemi tikitin gwamna a Republican, abokan takararsa suka yi ta tuna wa 'yan jam'iyya wannan talla, ya faɗi da ratar ƙuri'a 193.